Hoton da Na Ɗauka a Kan Sandar Makiyayi

Shekarar da na sayi dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, ba na zama a Gumel da yamma. Da na yi la'asar sai in hau babur in nufi wani tafki tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, inda 'yan jajayen tsuntsayen nan, baiwar Allah, ke saukowa shan ruwa dab da magariba. Matata takan ce na girma na koma bin tsuntsu.

Aikin yana da wuya. Haske ya yi ƙasa, kyamara tana jinkirin ɗauka, gilashin kuma kowace rawar hannu sai ya ninka ta. Don haka nakan kwanta rubda ciki a bayan sabara, in kafa gwiwar hannu, in riƙe numfashi.

Ina kwance haka ran nan na ji ƙarfe mai sanyi a wuyana.

"Kada ka motsa."

Samari biyu ne makiyaya, ɗaya da adda. Can ƙetaren tafkin, daidai inda na saita gilashin, ashe garkensu ne. Ban taɓa lura ba. Daga baya na ji cewa ba a daɗe da kore musu shanu ba, kuma an ce ɓarayin sai da suka turo mai leƙen asiri. Ga ni kwance a ɓoye da baƙin abu dogo. Wallahi salati ma ya ƙi fita daidai.

Suka kira mahaifinsu, wani dattijo siriri mai malafa.

"Baffa, tsuntsaye nake ɗauka," na ce. "Bari ka gani."

Na buɗe hotunan. Saboda duhu, kyamarar ta ƙi kama tsuntsayen, sun zama ja-ja kamar an shafa manja. Shanun da ke bayansu kuwa farare tas, har ƙaho kana iya ƙirgawa.

Mai addar ya ce wani abu da Fulatanci. Ban ji ba, amma na gane.

Dattijon ya daɗe yana kallona. "To, Malam, ga tsuntsayen can. Ɗauki ɗaya yanzu mu gani."

Rana ta kusa faɗuwa. Na ɗaga kyamara a tsaye, ba inda zan kafa gwiwar hannu, tafkin gaba ɗaya yana tsalle a cikin gilashin. Na ɗauka, ya fito dishi-dishi. Na sake, haka. Tsuntsayen suna ta tashi ɗaya bayan ɗaya zuwa makwanci, na fara tunanin wa zai kai wa matata labari.

"Baffa, ka ara mini sandarka."

Ya miƙo. Na kafa ta a ƙasa, na ɗora gilashin a kanta, na jira. Wata tsuntsuwa ta sauko bakin ruwa, ta ɗago kai. Na danna.

Ta fito, har ɗigon farin da ke ƙirjinta. Dattijon ya kalla, ya nuna wa 'ya'yansa, ya karɓi sandarsa.

"Hau babur ɗinka," in ji shi. "Allah ne Ya sa ina gida yau. Da su kaɗai suka same ka, ba mai tambayar ka hoto."

Sai da na wuce gonakin gero na tsaya gefen hanya na yi amai.