Jirgin da Ya Bi ta Kanmu

Ranar da majo, babban ma'aikacin jinya na lopital, asibitinmu, ya ce mu mayar da Inna gida, na gane abin da yake nufi tun bai ƙarasa ba. A tsakar gidanmu na Gure na shimfiɗe ta, gindin bishiyar bedi, na kira autanmu da ke aiki a Difa. Shi kaɗai take ambata tun da ciwon ya kwantar da ita.

Na ce masa, "Kai, ka shigo motar asuba."

Ya ce, "Yaya, hanyar nan wuni guda take ci. Wurin aikinmu sun ba ni kujera a ƙaramin jirginsu na sama. Daga filin Difa zuwa na Damagaram ko awa ɗaya ba a cikawa."

Raina ya ɓaci. Gure fa a tsakaninsu take. Sai ya wuce mu, ya sauka can yamma, ya nemi mota a tashar otogar, sannan ya juyo baya ya biyo gudron, wato kwalta. Ya ce duk da haka zai riga motar Difa isowa. Na ƙyale shi don lissafinsa ya fi nawa, amma hankalina bai kwanta ba.

Jirgin da aka ce na safe ne bai tashi ba har hantsi, har azahar. Ana jiran wasu manya, wai. In na kira sai ya ce yana zaune yana kallon jirgin, ga shi nan a gabansa, ƙofa a rufe. Wallahi da ina kusa da na fasa ƙofar nan da taɓarya.

Inna ta ji muna magana. Da ƙyar ta ɗaga murya ta ce, "Ki ce masa ya faɗa wa direban akwai sauka a Gure."

Na ce, "Inna, jirgi ba ya tsayawa a hanya."

"Ba ga fili can bayan gari ba? Mutum ɗaya ne fa. Ya roƙe shi."

Ni da na san babu yadda za a yi, sai ga ni ina danna waya, ina son in ce masa ya roƙa ɗin, ya durƙusa in ta kama. Wayar a kashe. Sun tashi.

Kafin la'asar muka ji ƙugi sama-sama, daga gabas. Inna ta ce in tayar da ita zaune, in juya ta wajen ƙofa. Na rungume ta ta baya, nauyinta bai fi na ɗan akuya ba. Ƙugin ya zo daidai kanmu. Na ɗaga kai ina cewa sauko, don Allah sauko, kamar mahaukaciya. Ya yi yamma, ya yi ta ƙanƙancewa har muka daina jin sa.

Ta cika autanmu yana cikin mota, bai ma kai Gidimuni da ke kan hanya ba. Na roƙi kawunmu a jira shi, na yi kuka, na yi faɗa. Kawu ya ce zafi ya yi yawa, ba a ajiye ta. Aka kai ta kafin magariba.

Da ya iso, maza na zaune a ƙofar gida. Bai tsaya wajensu ba, ya shigo ya same ni. Ya ce ta taga ya hango kwarurruka da dabinai, ya yi ta neman rufin gidanmu bai gane ba. Sannan ya tambaye ni, "Yaya, lokacin da muka wuce, tana da rai?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Tana zaune. Ta ji ka."