Mijin da Zaituna ta Zaɓa

A Jidda aka haifi Zaituna, a Bani Malik, tun unguwar tana rumfunan kwano da katako a bayan gari. Mahaifiyarta Turai ta ƙetaro teku daga Sudan don aikin hajji, mijinta ya rasu a Mina, ita kuma ba ta koma ba. Shekara da shekaru tana wankau a gidan wani attajiri, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba kuma wanda ya taɓa tambayar ta.

'Yar maigidan ce ta koya wa Zaituna karatun Larabci, kuma duk littafin da ta gama sai ta miƙa mata. Daga Masar ake kawo su, fassarar labaran Turawan zamanin da: 'yan leƙen asiri masu ladabi da farar safar hannu, da 'ya'yan masu dukiya da ke tsallake katanga su bi su a keken doki. Zaituna ta haddace su tsaf. Da la'asar mata kan kewaye ta, tana juya musu labarin da Hausa.

"Littattafan nan sai sun ci ki," in ji Turai.

Ana nan sai ga Abdulghaffar. Farar jallabiya a goge, ƙamshin turare, magana a hankali. In an tambaye shi sana'arsa sai ya yi murmushi ya ce, "Aikina ba na faɗa ba ne." Zaituna na jin haka ta ga ai mutumin cikin littafi ne ya fito.

Turai ta ce, "Namijin da ba a san inda yake samun abincinsa ba, ba a ba shi 'ya."

Zaituna ta kafe har aka ɗaura aure, ta bi shi wani ɗaki a unguwar Aziziyya. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Yana son hira, musamman in ta dawo daga gaida tsohuwa: wa ya zo, wa ya haihu, wa kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya kore shi. Ita kuwa gwanar labari ce, ba ta rage komai.

Sai motar kame ta fara zuwa Bani Malik, kuma ba ta ɓata hanya, kai tsaye take tsayawa a ƙofar marasa takarda. Wata safiya aka ɗauke Turai, hannunta da kumfar sabulu. Da Zaituna ta iso a guje, maƙwabciyarsu Jamilatu ta tare ta a bakin lungu.

"Kada ki yi mana kuka a nan. Mijinki muka gani a gaban motar yana nuna ƙofa."

Da ta tambaye shi, bai musa ba. Ya zauna ya cire takalmi.

"Iƙamata tana hannun wani jami'i tun da kafilina ya mutu. Duk wata sai na kai masa mutum. Wannan watan ban samu kowa ba."

"Innata ce fa!"

"Shi ke nan, ya Zaituna. Ta tsufa, gara ta huta a gida."

Turai ba ta da gida a can. An sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Sudan inda ba ta san kowa ba. Da shekara ta zagayo alhazai suka zo, su suka kawo labarin rasuwarta.

Zaituna ta bar Aziziyya da ciki wata biyar, ta koma rumfar mahaifiyarta. Ba wanda ya kore ta, amma in ta shiga taron suna ko biki, sai hira ta mutu har ta fita. Ta haifi Usuman, uban bai zo ba, bai kuma yi masa takarda ba. Da soyayyar gyaɗa ta rene shi, tana zama bakin titi da faranti, idonta a kan hanya. Yaron ya tashi yana jin Hausa yana amsawa da Larabci. Makaranta ba ta karɓe shi ba, yana shekara goma sha biyu ya fara dako a kasuwar kifi.