Tawul Ɗin Inna Hajo

Ranar da aka kawo mana Inna Hajo daga Fakku ba ta taɓa fita raina ba, kuma duk ɗalibin da aka turo sashenmu sai ya sha labarinta, ko yana so ko ba ya so. Lokacin an gama kaka, ban daɗe da samun ƙarin girma zuwa babbar jami'a ba a sashen gashi, wato fisiyo, a asibitin da nake aiki a Tambuwal. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba ma tiyata, ba ma rubuta magani. Likita ne ke duba mutum ya turo mana shi da kati, mu kuma mu yi aiki da hannu da ɗumi da motsa gaɓoɓi. Shi ya sa abokan aiki ke tsokanarmu wai masu tausa ne da albashi.

Mijinta, Malam Garba, shi ya goyo ta a babur tun daga Fakku ta Kebbe, a hanyar nan da ko mai lafiyar baya sai ya sauka yana dafe da ƙugu. Za ta haura hamsin, doguwa, ta rame ƙwarai, ƙeyarta duk shatin ƙahon wanzami. Bakinta ne ya ƙi buɗewa. Mu da yatsu muke aunawa: mai lafiya yatsunsa uku a jere za su shiga tsakanin haƙoransa na sama da na ƙasa. Ita guda ma da ƙyar. Wata da watanni ba abin da ke wuce mata sai kunu da fura mai ruwa, ga ciwon kai, ga wuya ya sanƙare.

Likitan haƙori ya riga ya duba ta, ya ce haƙoranta lafiya lau. Malam Garba bai gamsu ba.

"Likita, an ce mani turamenta na ad da ciwo," in ji shi. "Akwai mai fidda haƙori kasuwarmu, ya ce in an fidda fuɗu bakin buɗewa za shi yi. Ƙanwarta ta matsa, shi yas sa munka zo nan."

Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya jira. Na ce, "Malam, in ƙofa ta ƙi buɗewa, ɗakin ake rushewa?"

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsoro nika ji ta mutu da yunwa, ga hatsi cike da rumbu."

Sai na sassauta murya. Muka yi da shi zai bar ta sati biyu a gidan ƙanwarta Dije, wadda ke aure a nan Tambuwal. In ya dawo bai ga sauyi ba, zai tafi da matarsa a cire haƙoran, ni kuma ba ni da ikon hana shi.

Satin farko na sha wuya. In sa safar hannu in laluba tsokar muƙamuƙinta, in ji ta da tauri kamar ƙwallon goruba. In gasa da tawul mai ɗumi, in tausa har ta ɗan saki, washegari ta dawo kamar ban taɓa ba. Na lura gefen harshenta duk shatin haƙori ne, turamen kuma sun side. A aikinmu wannan alamar mutumin da ke datse haƙoransa ce dare da rana bai sani ba.

Na ce, "Inna, akwai abin da ke damunki a rai?"

Ta ce, "Lafiya lau, mun gode Allah."

"Tun yaushe abin ya fara?"

"Tun damina."

Iyakar abin da na samu ke nan. Da na fita wanke hannu sai Dije ta biyo ni baranda, ta yi ƙasa da murya.

"Likita, tun ranar da anka kawo gawar Umaru bakin ga yar rufe. Kabu-kabu shika yi tsakanin Kebbe da Fakku, ruwa yac cinye hanya, yaf faɗa da babur. Ɗanta na, na fari. Kin dai san hali. Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunanshi ba. Zaman makoki ita ka ba baƙi ruwa, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Kowa yabonta shikai."

Na san hali kuwa, don ni ma 'yar fari ce. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Har yau mahaifiyata "waccan" take ce min, amma in na yi tafiya ba ta iya cin abinci sai ta ji na sauka. Tausayin Inna Hajo ya kama ni har na kasa komawa ɗakin nan da nan. Akan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ita ta ɓoye abin a ciki har tuwon ya rasa hanyar shiga.

A makaranta an koya mana mu ja marar lafiya da hira ya amayar da abin da ke ransa. Amma in ce wa wannan baiwar Allah ta yi kukan ɗanta na fari a gabana, daidai yake da in yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa.

Washegari na sa Dije ta jira a waje, na ja labule. A ƙa'ida kumatu kawai muke ɗora wa tawul. Ranar na ɗauko babba, na matse shi, na rufe mata fuska daga goshi har haɓa, na bar mata wurin numfashi.

Na ce, "Inna, tururin nan yana sa idanu ruwa. Kowa haka yake yi, har maza. In kin ji yana zuba kada ki damu, maganin ne ke aiki."

Allah Ya yafe min, wannan maganar ba ta cikin kowane littafi. Na zauna ta wajen kanta, na sa hannuwana ƙarƙashin ƙeyarta ina tausawa. Can sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ba ta yi sauti ba ko kaɗan, amma a ƙarƙashin yatsuna na ji tsokar nan tana saki. Ni ma hawaye nake, ba zan ɓoye ba. Da tawul ya huce na canza mata wani, fuskata na kallon bango.

Shugaban sashenmu ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Hajiya, gadon nan fa ba naki ne ke kaɗai ba, ga mutane a layi."

Na leƙa na ce, "Ranka ya daɗe, a yi min haƙuri da wannan, zan yi bayani."

Da na yi masa bayanin daga baya sai ya ce, "Me za ki rubuta a kati?" Na ce ɗumi da tausa. Ya ce, "To rubuta." Shi da kansa ya sa aka mayar da gadon lungu, inda ba mai giftawa.

Ita kuwa da ta tashi, ta goge fuska da bakin mayafi ta ce, "Likita, tururin ga na da ƙarfi."

Na ce, "Ai na gaya miki."

Kada wani ya ɗauka a ranar ta warke. Mun ci gaba da gashi kullum, na koya mata ɗora harshe a dasashin sama ta buɗe baki a hankali, da juya wuya, da barin haƙora a sake in ba tauna take ba. Ranar da Malam Garba ya dawo, yatsu biyu sun shiga har da ɗan sarari, Dije kuma ta shaida masa matarsa ta ci tuwon dawa da miyar kuka. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "To, mai fidda haƙori ya rasa ciniki." Ya ƙara mana lokaci ba tare da na roƙa ba.

Ranar sallama yatsu uku suka shiga. Na ce, "Inna, kin warke, sai gida." Ba ta tashi ba, tana ta murza bakin mayafinta.

"Likita, ko a ƙara mani tururin ga sau guda? Gida babu irinshi."

Na ɗora ruwa, na ja labule. Da za su tafi na ba ta tawul ɗina da na zo da shi daga gida.

Abin da nake gaya wa masu koyon aikin nan shi ne, mutanenmu ba su cika kawo baƙin cikinsu a baki ba. A wuya suke kawo shi, da gadon baya, da muƙamuƙi. Ba aikinku ne ku raba su da kunyarsu ba, ku dai san lokacin jan labule.

Ina haɗuwa da Dije a kasuwa jefi-jefi. Ta ce har yau Inna Hajo ba ta faɗi sunan yaron ba. Amma duk faɗuwar damina takan ɗora ruwa, ta ɗauki tawul ta shiga ɗaki, ta ce wa mutanen gida za ta yi gashi, kowa kuma sai ya ba ta wuri.