Kafasitar da Na Sa wa Maƙwabcinmu

Sana'ata gyaran esi da firji, kuma in aka tambaye ni aikin da na fi tsana cikin duk wanda hannuna ya taɓa, ba sai na yi dogon tunani ba. Kafasita ɗaya ce na canja wa maƙwabcinmu a Makera. Aiki ne da bai kai tsawon dafa shayi ba, amma har yau yana ci min rai.

Gidanmu tsohon gida ne, Baba ya gina shi tun yana aiki a masaƙa a Kakuri. Da masaƙa ta rufe, abu biyu ta bar masa: gidan nan da ciwon ƙirji. Ƙurar auduga ta zauna masa a huhu, in zafi ya tsananta sai ka ji numfashinsa yana fito tun daga tsakar gida. Taga ɗaya ce a ɗakinsa, ta katako mai murfi biyu, tana kallon wani siririn lungu da ya raba mu da gidan baya. Ta nan iska ke shigo masa, kuma a gindinta gadonsa yake tun ina rarrafe. Yayata da ke aure a Romi ta sha roƙonsa ya koma wurinta ta kula da shi, amsarsa ɗaya ce kullum: da guminsa ya ɗora bulon ɗakin nan, daga cikinsa za a fitar da shi.

Sai wani Alhaji mai sayar da tayoyi ya sayi gidan bayan, ya rushe shi, ya tayar da na zamani. Ya sa esi a falonsa, irin mai gida biyu, rabi a ciki yana hura sanyi, rabi a waje yana amayar da zafi. Duk faɗin bangonsa bai ga inda zai rataye injin wajen ba sai cikin lungun nan, daidai saitin tagar Baba, kamar da igiyar awo aka gwada. Daga nan, don tsoron ɓarayin bututun tagulla, ya sa magina suka toshe bakin lungun gaba da baya da bulo har sama, aka jera fasassun kwalabe a kai. Lungu ya zama rijiya, ba mashiga ba mafita, sai injin Alhaji da tagar Baba suna kallon juna.

Na je na same shi a ƙofar gidansa, na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, “Alhaji, injin nan a fuskar mahaifina yake huci, ga shi mai ciwon ƙirji. A taimaka a mayar da shi ta gaban gida. Ni zan yi aikin, sana'ata ce.”

Ya dube ni sama da ƙasa yana kaɗa makullin mota. “Injiniya, a bangon wa yake?”

“A naka.”

“To, ka ga ni. Iska kuma ta Allah ce, ba ni nake nuna mata hanya ba.”

Wallahi da ba don tarbiyya ba, da a ranar an raba mu. Na juyo gida, tun daga lokacin kuma ban sake yi masa sallama da zuciya ɗaya ba.

Bazarar ta zo da ƙarfinta. In Baba ya buɗe taga, hucin injin ya cika ɗakin kamar an buɗe bakin tanda. In ya rufe, numfashi ya gagara. A duk unguwar mu kaɗai ne muke tsaki in an kawo wuta, in an ɗauke kuma Alhaji ya tayar da janareta, ba mu tsira ba. Baba ya rame, ya koma gyangyaɗi a zaune a zaure, amma bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba. Wannan shirun nasa ya fi komai ƙona min rai.

Wata rana da azahar ina gida ina cin abinci, sai na ji muryar injin ta canja. Ya yi wani gurnani mai nauyi kamar mai yunƙurin tashi da kaya a ka, sai ƙas, ya yi shiru. Can ya sake yunƙurawa, ya sake ƙas. Na ajiye cokali. Duk mai sana'armu ya san wannan kukan ko daga barci aka tashe shi. Kafasita ce ta mutu, wato ɗan gwangwanin nan da ke tallafa wa kwamfuresa, zuciyar injin, ta tashi kuma ta ci gaba da juyawa. In ta mutu, injin sai ya yi ta nishi ba ya motsi. Ban ɓoye farin cikina ba, har ƙarin abinci na nema.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya yi barci da tagarsa a buɗe, fiton ƙirjinsa ya lafa. A can kuwa masu gyara suka fara sintiri gidan Alhaji, kowa ya zo sai ya tsaya yana kallon katanga yana sosa ƙeya. Tsani ba ya shiga, ta sama kwalabe, ta ƙasa bulo. Wanda ya yi gini don kada ɓarawo ya kai ga injinsa, ya manta mai gyara ma da ƙafa yake zuwa. Hanya ɗaya ta rage a duniya, ita ce tagar Baba. Da suka zagayo ƙofarmu suna neman izini, na tare su a zaure na ce su gaya wa mai gidan nasu ya fasa katangarsa, in ya fasa kuma ya ɗauke abinsa ya mayar gaba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Na manta da wa nake yi. Alhaji bai zo wurina ba, ya san abin da zai tarar. Ya bari sai da na fita aiki, ya ɗauko dattawa biyu na masallacinmu bayan la'asar, da ledar lemo da dabino, ya zo gaida Baba. Na dawo na iske su a zaure a kan tabarma, mutumin da bai taɓa leƙo mara lafiya ba yana ta “Baba, ya jiki, Baba, Allah ya ƙara sauƙi,” ɗaya daga cikin dattawan kuma yana jan bayani a kan haƙƙin maƙwabtaka. A wurinmu aka zo karanta haƙƙin maƙwabtaka, jama'a!

Baba ya ɗago ya dube ni. “Gobe ka duba masa injinsa.”

Na jira har suka tafi, sannan na durƙusa gabansa. “Baba, wannan ce kaɗai damar da muke da ita. In ya tashi, kai zai dafa.”

“Na sani.”

“To don me?”

“Ba a taɓa zuwa ƙofata da dattawa an roƙi hanya na hana ba, ba kuma zan fara da furfura ba.” Ya yi tari ya huta. “Sharaɗi ɗaya na ba shi, ya zo ya tsaya a ɗakin in za a kunna. Bai taɓa shigowa ba, shi ya sa. In ya ji da fatarsa, ba sai an gaya masa ba. Mutum ne.”

Ban yarda ba, amma ba a musu da Baba sau biyu.

Da safe na hau keke na tafi Kakuri wurin wani Inyamuri da nake sayen kayan gyara a hannunsa. Na faɗa masa girman injin, ya zaro gwangwani biyu ya dire a kan tebur. “Oga, wannan orijinal, wannan kuma na maneji, mai araha. Na maneji, in wuta ta yi rawa sau biyu, ya tafi. Wanne?” Na tsaya ina kallonsu, lamba ɗaya, kama ɗaya, sai dai in ka ɗaga ka ji ɗaya ba nauyi. Na ce ya sa min duka biyun. A hanya ina ta lissafin yadda na maneji zai mutu kafin damina, a sake dawowa ƙofarmu, wannan karon kuma ko limamin Juma'a aka kawo sai an fasa katanga.

Na sa Alhaji ya kashe wutar esin daga gidansa, sannan ya zagayo. Ya shigo ɗakin Baba da farar shadda yana ƙamshin turare, yana tattare riga kada ta taɓa bango. Baba ya matsa ƙarshen gado, ni kuma na hau da gwiwoyina a kan katifarsa, na zura rabin jikina ta taga. Na kwance murfin gefen injin. Ga kafasitar nan kuwa, kanta ya kumbura kamar gwangwanin madarar da ta lalace, har mai ya tsattsafo. Na ɗora sukundireba a kan ƙafafunta don ta sauke ragowar wutar da ta riƙe, domin kafasita ko ta mutu tana iya sarar mutum. Na lura da inda kowace waya take, na zare su da filaya, na kwance ɗaurin na fito da ita. Sai na miƙa hannu baya cikin jaka, na kamo mara nauyin.

“Biyu na gani a jakar,” in ji Baba a hankali. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa ba a yi masa wayo da ƙarfe. “Ba ni su.”

Ya auna su a tafin hannunsa, ɗaya nan ɗaya can. Ya miƙo min mai nauyin, ya tura ɗayar ƙarƙashin matashinsa. Alhaji yana can yana danna waya, bai ma san an yi ba.

Na ɗaura ta, na mayar da wayoyi kowace a gurbinta, na matse, na rufe murfi. Duk da haushina aikin ya fita tsaf, don hannuna bai iya wani iri ba. Na sauko na ce wa Alhaji ya matso bakin taga. Ya kira gidansa ya ce a kunna.

Fanka ta juya. Kwamfuresa ta kama lokaci ɗaya ba gardama. Jim kaɗan hucin ya taso ya daki Alhaji a fuska, ya kaɗa masa riga, ya cika ɗakin. Na ga gumi ya feso masa a goshi. Na ga ya runtse ido ya ja da baya. Baba ya zuba masa ido yana jira, ni ma duk da kaina sai na sami kaina ina jira.

Alhaji ya zaro hankici ya goge fuska, ya washe baki. “Alhamdu lillahi, ya tashi! Kai, Injiniya, Allah ya yi albarka. Baba, ɗakin nan naka akwai zafi, ya kamata yaran nan su sa maka fanka babba.” Ya sa takalmansa ya fita da sauri, kada sanyin falonsa ya wuce shi.

Injin ya ci gaba da huci a kanmu. Ban dubi Baba ba, don na san in na dube shi zan faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba. Can ya ce, “Rufe min tagar.” Na rufe.

Kafin ruwan farko ya sauka, Baba da kansa ya ce a kira yayata. Ta zo da keke mai ƙafa uku, muka ɗora katifarsa da buta da rediyonsa, ya shiga bai waiwayi gidan ba. A Romi ya cika, a ɗakin baƙi na gidan suruki. Ɗakin nasa yanzu matattun injina nake tarawa a ciki, don ba mai iya kwana a wurin. Wutar garin nan tana cin kafasita kamar gyaɗa, wasu gidajen duk bazara sai na koma na canja, amma wadda Baba ya zaɓa da hannunsa ta ƙi mutuwa.

Alhaji ya zo ta'aziyya, ya sami wuri a sahun gaba na tabarma. Bayan an shafa fatiha ya nuna ni ga na kusa da shi, da murya yadda kowa zai ji. “Wannan yaron hannunsa da albarka, tarbiyyar marigayi ce. Tun da ya taɓa min esi, ko sau ɗaya bai sake tsayawa ba.”

Ya miƙo min hannu. Na bar shi a miƙe, na tashi na shiga gida.