Wanda Zai Fara Magana a Kaset

A gidan surukaina da ke bayan garin Zuru ba a rubuta wa maigidana wasiƙa. Baba, wato mahaifinsa, ya tsani takarda. Cewa yake yi malamin makarantar da ke rubuta wa mutane wasiƙa yana gyara magana har ta daina kama da mai ita. Saboda haka tun da maigidana ya shiga soja ya aiko da rikoda, aka koma kaset. Duk sanda wani soja ɗan gari ya zo hutu zai koma, sai a aika wa dangi na ƙauye ta bakin direbobin ranar kasuwa. Su taho daga wajen Sakaba da Dirin Daji, wasu a keke wasu a bayan motar hatsi, kowa ya zuba muryarsa.

Abin yana da ƙa'ida, kuma ba a taɓa karya ta ba. Baba ne zai fara, sai ƙanensa Baffa, sai Inna uwar mijina, sai gwaggonni, har a gangaro kan yara. Ni ce ta ƙarshe, kuma a gaban surukai me zan ce? Gaisuwa kawai, ita ma ƙasa-ƙasa. Ƙa'ida ta biyu ita ce ba a sanar da mutuwa ta saƙo, sai an haɗu ido da ido. To, sojojinmu ba wawaye ba ne. Tun da sun san ba za a faɗa musu ba, sai suka koyi sauraron wanda babu. Idan aka kunna kaset aka ji wata murya ta riga ta maigida, shi ke nan, mai saurare ya san ya zama maraya.

Shekarar da nake ba da labari an tura su maigidana yaƙi wata ƙasa mai nisa, ni kuwa ina goyon fari. Kafin ya tafi ya ce mini, ranar da ya ji wani abu ya sami Baba, ajiye bindiga zai yi ya taho ko da ƙafa. Na san halinsa, ba cika baki yake yi ba. Kuma mun ga abin da aka yi wa ɗan maƙwabtanmu da ya gudo daga aiki lokacin ciwon uwarsa. Har gida aka biyo shi, aka ɗaure shi, da ya fito babu kaki babu aiki. Wannan a bariki ne ma, cikin zaman lafiya. Wanda ya gudu daga bakin daga, ba na ko son tunanin abin da ake yi masa.

Ana cikin yankan dawa Baba ya faɗi a gona. Aka ɗauko shi a amalanke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. An kai shi asibiti an dawo da shi, ya rayu, yana gane kowa, amma magana ta yi masa nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, yawu na zuba. Masu zuwa dubiya kuwa, Allah ya shirye su, sai su juya wajen Inna a gabansa su ce, "Mi ya ce?" Baba mutum ne mai zuciya. Da ya ji haka sau da yawa sai ya rufe bakinsa gaba ɗaya. Ko ruwa yake so, da hannun hagu yake nunawa.

Ana haka wani soja abokin aikin maigidana ya leƙo ranar Asabar, ya ce hutunsa ya ƙare, jibi da sassafe zai kama hanya. Gobe kafin magariba zai biyo ya karɓi kaset. Ya ƙara da cewa maigidana ya ja masa kunne, kada ya sake ya dawo hannu rabbana. Ashe ko ƙin aikawa ma ba mafita ba ce.

Washegari dangi, da dama sun taho dubiya, suka cika tsakar gida. Sai da aka ɗauko rikoda aka ga batir ya yi sanyi, ƙaramar fitilar nan ja da ƙyar take kamawa. Ga shi Lahadi ce, Inyamurin da ke sayar da batir a bakin titi ya rufe shago ya tafi coci, daga can kuma taron 'yan garinsu yake wucewa. Aka jera batiran a kan rufin kwano su sha rana, yadda muke yi idan muna son su ɗan farfaɗo. Kaset ɗin ma tsohon na wa'azi ne, muka toshe ramukan bayansa da takarda don ya ɗauka.

Bayan azahar aka fito da Baba inuwar rumbu aka jingina shi da matashi. Ƙanen mijina, wanda tun faɗuwar Baba ya ɗauki kansa maigida, shi ya kawo shawara. Ya ce ai muryar Baffa da ta Baba kusan ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Baffa ya fara magana a matsayin Baba, sa'an nan ya sake murya ya yi tasa. Wa zai gane a cikin ƙarar kaset? Gwaggonni suka gyaɗa kai, aka ce wannan dabara ta yi.

Ni ina bakin ƙofar ɗaki da yarinya a baya, inda ya kamata suruka ta tsaya. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Zai gane," na ce.

Duk aka juyo. Ƙanen mijina ya dube ni sama da ƙasa. "Mi kika ce?"

"Na ce yayanka zai gane. In kuwa ya gane an yi mai ƙarya, abin da kuke gudu shi za ya hwaru."

"To ke mi kike so a yi? A sa mai wanga nishi ya ji, ya haukace?" Da hannu ya nuna Baba, ko kallonsa bai yi ba.

Inna ta ce, "Ke ɗiyata, yi shiru, maza na magana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba don an tsawata mini ba. Mijina ne za a ɗaure, ni ce zan zauna da goyo, amma ni ce ba ni da ta cewa.

Aka sauko da batir, da zafinsu aka zura. Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin na Baba, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin sallama. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya yi sallama, ya yi maganar damina, ya ce dawa ta yi kyau bana, an fara kai ta rumbu. Inna ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin zane. Sai Baffa ya ji daɗin kansa, harshe ya sake, ya kira sunan maigidana ya ce ya riƙe salla, ya kula da kansa. Aka kashe rikoda, kowa ya sauke ajiyar zuciya, har wata gwaggo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ya ambaci sunanai."

Maigidana ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Baba bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ko a kaset ba ya yi masa magana kai tsaye, sai dai ya ce a gaya wa wancan kaza da kaza, kamar da wani yake magana. Baffa kuwa shi ya goya shi a kafaɗa, sunan a bakinsa yake kullum, shi ya sa ya zame masa ba tare da ya ji ba. Kowa a gidan ya san wannan. Tsoro ne ya toshe musu kunne.

Baffa ya dafe kai yana salati. Ƙanen mijina ya ce a bar shi haka, batir ba zai kai a sake ba, kuma mutumin da ke cikin ƙarar bindiga ina zai tsaya lura da suna. Na ce mutumin da bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, ranar da ya ji ne ba zai lura ba? Muka yi ta musu, murya na hawa, rana na gangarawa. Wasu na cewa a sake, wasu na cewa a tura yaro ya bi mai shago har wurin taronsu. Duk a kan Baba muke wannan hayaniya, shi yana tsakiya kamar buhun gero.

Sai muka ji ƙara. Baba ne ya ɗauki kwanon shan ruwansa da hannun hagu ya buga da ƙasa, ruwa ya fantsama a ƙafar Baffa. Idanunsa sun yi ja. Ya nuna rikoda, ya nuna ƙirjinsa.

Ƙanen mijina ya durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri, ba ka iyawa."

Baba ya sake buga kwanon. Inna ta miƙe ta ɗauki rikodar ta zauna gefensa, ta kara ta kusa da bakinsa. Ba ta san abin da ake dannawa ba, sai ta yafito ni. Ban taɓa matsawa kusa da surukina haka ba. Na durƙusa, na mayar da kaset farko, na danna.

Shiru. Kaset na juyawa, ina kallonsa ta ɗan gilashin nan, fitila na dusashewa. Baba ya buɗe baki, wani sauti ya fito da ba kalma ba. Ya rufe, ya haɗiyi yawu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Gumi ya keto masa. Na ji kamar in taya shi, amma wa ya isa? Ya sake gwadawa, sallama ta fito a karye, rabi a ciki rabi a waje. Inna ta goge masa baki da gefen mayafinta.

"A... gaya wa... wancan," in ji Baba. Ya tsaya yana haki har na ɗauka ya ƙare. "Ya zauna... wurin... aikinai."

Ya mayar da kai jikin matashi ya rufe ido. Ƙanen mijina ya fara cewa wannan ba ta aikuwa, Inna ta ɗaga masa hannu, ya haɗiye sauran. Baffa ya yi tasa a gurguje da muryarsa ta gaskiya. Inna ta faɗi abin da ya faru a gona tiryan-tiryan, ba ragi ba ƙari. Gwaggonnin da suka sha hanya daga ƙauye ko sallama ba su samu sun yi ba, don Inna ta ce a ba ni. Na ajiye kunya gefe na ce wa maigidana Baba na cin tuwo da hannunsa, yana gane mutane, kuma ya ji abin da aka umurce shi, in ya taho ba da izini ba ni da kaina zan rufe masa ƙofa. Ina rufe baki fitila ta mutu.

Sojan ya zo ya karɓa, ya sa a aljihun jakarsa ya tafi. Daga nan zaman ɗar-ɗar ya fara. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai gabana ya faɗi. Ina tsoron in ga maigidana ya shigo da kayan gida a jikinsa, ina tsoron in ga masu jar hula, 'yan sandan soja, sun zo nemansa. Ƙanen mijina ya daina amsa gaisuwata, kuma na san in abin ya lalace a kaina za a juye shi. Na rame har Inna ta fara dama mini kunun kanwa saboda nono. Aka gama sussuka, aka shiga rani, shiru.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani soja da ban sani ba ya yi sallama, ya miƙo kaset a naɗe cikin leda. Wannan karon da sababbin batir a gidan, ni na saya na ɓoye. Aka fito da Baba inuwar rumbu, muka kewaye shi, na danna.

Muryar maigidana ta fito, ta ɗan dishe. Ya yi sallama, ya ce yana nan wurin aikinsa, ba inda za shi sai an sallame su. Na zauna a ƙasa daɓas. Sa'an nan ya ce, a hankali, "Baba, ina kwana?"

Sai shiru. Kaset na juyawa, ba abin da ke fitowa sai huci. Aka jira, aka jira. Ƙanen mijina ya ce zaren ya laƙe, ya miƙa hannu zai bubbuga rikodar. Baba ya cafke masa wuyan hannu da hagunsa ya riƙe gam. Shi ya riga mu ganewa. Wuri ɗansa ya bar masa.

Baba ya karkata wajen rikodar, ya yi ta fama, ya yi ta fama, har ya fitar da "Lahiya... lau." Shirun bai ƙare ba, da saura, don mai shi bai san iya lokacin da za a buƙata ba, sai ya bari da yawa. Can muryar ta dawo ta ce, "Baba, ya jiki?" Ta sake yin shiru.

Inna ta juya mana baya tana kuka. Baba bai ko dube ta ba, yana ta haɗa amsa.