Motar da ta mutu a bakin kwari

A daminar farko da na buɗe gareji a Keita, wani direban garin Ibohamane ya aiko a kira ni bakin kwari. Ƙanwarsa ya ɗauko tana naƙuda zai kai ta likita, yana fita daga ruwan kwarin motar ta mutu. Inji yana juyawa amma ba ya kamawa.

Na tarar mutane sun tura ta har sun gaji. Direban ya tare ni ya ce, “Maigida, bobin ne, canza shi kawai mu tafi!”

Na ce, “Ƙanena, ni ba na fara aiki daga tsakiya. Matsa.”

Da farko na gwada batir, yana da ƙarfi. Na biyu na duba mai, yana zuwa. Na uku na kwance buji ɗaya, filogin da ke kunna wuta a inji, na jingina shi da ƙarfen inji, na ce ya murɗa makulli. Babu wuta. Daga cikin mota ina jin nishin matar, amma ban tsallake komai ba. Na bi waya da yatsa daga buji zuwa bobin da ke ba shi wuta, daga bobin zuwa akwatin fis. A nan na sami wani ƙonannen fis an naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari, yadda direbobinmu suka saba. Ruwa ya jiƙa ta, ta yage.

Na sa sabo. Murɗawa ɗaya motar ta tashi, wata tsohuwa da ke riƙe da mai naƙudar a cikin mota ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar saƙo ya same ni a gareji cewa ƙanwar direban ta sauka lafiya a gadon likita, ta sami ɗiya mace.