Shanun da Suka Biyo Ni

Ranar Laraba ce, cikin kaka, shekara huɗu kafin Turawa su tafi. An yanke gero an ɗaure, saura wake a gona. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don jikokin mutanen suna nan, muna haɗuwa a kasuwa. Tsakanin Gagarawa da Gumel yake, inda in iska ta juyo ake jin kukan jirgin ƙasa.

Na tashi da asuba na tarar Baffa, mahaifina, ya riga ni shiga garke yana tatsa. Inna tana wanke ƙwarya tana yi masa mita, wai ya bar maraƙi ya shanye rabin nonon. Kullum haka suke. Shi Bafillace ne, ita Bahaushiya ce 'yar cikin gari. Shekararsu ashirin da huɗu tare, ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yan da suka haifa. Bukkokinmu uku ba a ruga suke ba, ba kuma a gari ba. Bayan rijiya suke, a tsakani. A ruga Kaɗo ake kirana, a gari Ɗan Fillo. Sunana na yanka, Iliya, su biyun nan ne kawai ke faɗarsa. Abin bai dame ni ba. Ina cin tuwo can, in sha nono nan, har ina ganin na fi kowa wayo.

Wannan zaman tsakanin ne ma ya ba ni sana'a. Bahaushe in ya sayi saniya ba ya iya kiwonta, kuma ba ya son ba Bafillacen da gobe zai tashi ya haye iyaka da ita zuwa ƙasar da Faransa ke mulka. Sai su ce a ba ɗan 'yarmu. Shanu goma sha tara ke hannuna, bakwai na Baffa, sha biyu na mutanen gari. Uwar garken wata baƙa ce mai farin goshi, Kyalla, ta Kawu Mati yayan Inna. Ban taɓa dukan ko ɗaya ba. Ni ke gaba su ke baya, yadda Baffa ya koya mini. Inda na sa ƙafa nan Kyalla ke sawa, sauran su biyo ta.

Da hantsi ina rijiya ina ba su ruwa. Na ja guga na tara ke nan jirgin Nguru ya yi kuka. Bai gama ba na ji wani kukan daga gabas, wajen gonakin wake. Na mace ne. Sai mata da yawa suka ɗauka.

Matan da ke jiran ruwa suka sauke tuluna. Akwai wata tsohuwa da ke kirana mijinta kullum, tana cewa yaushe zan kawo mata sadakin saniya. Ta dube ni, ta dubi shanun, ta ɗauki tulunta babu ruwa ta tafi.

Daga baya na ji abin da ya faru. Waɗansu baƙin makiyaya masu wucewa kudu sun saki shanu a gonar wake tun sassafe. Mai gonar ya fito ya hana. Aka sare shi da adda, ya mutu. Suka kora dabbobinsu suka yi gaba, ba wanda ya san ko sunansu. Mai gonar Audu ne, ɗan farin Kawu Mati. Rana ɗaya aka yi mana kaciya ni da shi.

Kafin rana ta take tsaka aka buga gangar farauta. Ba lokacin farauta ba ne. Maza suka fito daga gari da gora da gatura da kwari da baka. Babu wanda ban sani ba a cikinsu. Da suka zo daidai rijiya suka rabu. Mafi yawansu suka miƙe ruga. Kamar goma suka karkata gidanmu. Na saki guga a cikin rijiya na bi su da gudu.

Baffa ya fito bakin bukka babu sanda, hannuwansa a buɗe. Ya fara sallama. Wani ya kai masa gora a ƙwauri. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ya faɗi, aka ƙara masa a ka. Inna ta kife a kansa ta rufe shi da jikinta.

"Tabawa, tashi!" Muryar Kawu Mati ce, yana kiran Inna da sunanta. "Ke kaɗai, tashi ki shiga gari!"

Ba ta ɗago ba.

"Ku cinna!"

Ciyawar kaka ba ta jira. Bukka uku suka kama kusan tare. Tukunyar man shanun Inna ta fashe a ciki, na ji ta. Can ruga kuma hayaƙi ya riga ya tashi, tumaki suna ta kuka. Kawu Mati ya juyo ya gan ni. Idonsa ja wur.

"Kwashe su! Kada in dawo in same ku!"

Ya kora mutanensa suka bi sauran zuwa ruga.

Jakinmu na ɗaure nesa da wutar. Inna ta yage mayafinta muka ɗaure ƙafar Baffa da kara biyu. Muka ɗora shi. Ni ina ja, ita tana tallafe da shi ta gefe. Muka yanki arewa ta cikin gonakin da aka girbe. Maigatari muka nufa, inda ƙanwar Baffa take. Tafiyar kwana biyu ce ga mai lafiya. Abu ɗaya ne a raina, in kai su biyun da rai.

Da azahar muka sauka wani kwari mai sabara da yawa, da wata babbar aduwa a tsakiya. Muka kwantar da Baffa a inuwa. Ya sha ruwa kaɗan. Ba a jin ganga, ba a ganin hayaƙi. Na fara cewa mun tsira.

Sai na ji ƙasa tana amsawa. Takun kofato ne, a hankali, ba na gudu ba. Sabara ta buɗe, farin goshin Kyalla ya leƙo. Bayanta sauran ne, sha takwas cif, har maruƙa. A rijiya na bar su. Sun jira ni, ban dawo ba, suka bi sawuna.

Sawun shanu goma sha tara ko makaho ya bi shi. Kuma na san abin da ake faɗa a gari a wannan lokacin: Ɗan Fillo ya nuna halinsa, ya gudu da shanun mutane.

Na jefe su da hoge. Suka matsa, suka dawo. Na ɗaga sanda na maka wa Kyalla a hanci. Shi ne karo na farko. Ta ja da baya taku uku, ta tsaya tana kallona, ta sake matsowa. Na ƙara mata, ina kuka kamar yaro. Ba ta tafi ba. Ni na koya musu haka, babu wanda zan zarga.

Iska ta kawo mana ganga. Bayan ganga, haushin karnuka.

"Mayar musu," in ji Baffa. Da ƙyar maganar ta fito.

Na gane nufinsa. In na juya da shanun, sawu zai juya, masu binmu za su tsaya a kaina. Na bar wa Baffa da Inna goran ruwa da jaki. Inna ta gyara mini wuyan riga, ta ce kada in tsaya gardama da kawuna. Na fita daga kwarin ta yamma, na karkata kudu, ina kiran shanun da ƙarfi don a ji ni daga nesa.

Da la'asar muka haɗu da mutanen gari a wani fili. Sun kai ashirin.

"Ga ɓarawon nan!"

Na yar da sanda na ɗaga hannu. Ban san wanda ya fara ba. Haƙorana biyu na gaba a filin nan na bar su. Abin da ya cece ni shanun ne. Kowa ya hango tasa, ya bar ni ya tafi kamawa kada wani ya riga shi, kuma mai riƙe da igiyar saniya ba shi da hannun duka. Suka haɗa da bakwai na Baffa, wai jinin Audu. Kyalla ta ƙi tafiya, sai da mutum uku suka taru a kanta. Kawu Mati ya tsaya a kaina, bai dubi fuskata ba.

"Tafi wurin danginka!"

Na so in tambaye shi waɗanne, amma bakina cike yake da jini.

Suka juya gari. Na zauna har ƙurarsu ta ɓace, na tabbata babu wanda ya yi arewa. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na ce dabarata ta ci. Na tashi na ɗauki sandata, ina ɗingishi ina gudu.

Rana ta yi ja lokacin da na kusa kwarin. Na ga sabon sawu ya ratso daga gabas, na mutane da tumaki da jakai. Mutanen ruga ne, su ma sun gudo. Na ƙara jin sanyi a raina, na ce Baffa da Inna sun sami masu taimako.

Jaki yana nan a ɗaure. Goran ruwa yana kife. Baffa ba ya inda na bar shi. Ya ja jiki da gwiwar hannu har bakin sabara, ya zauna, ya ɗora kan Inna a cinyarsa. Sara ɗaya ne, a wuya.

Shi ya faɗa mini, a taƙaice. Da ta ji motsinsu ta fita tana ɗaga musu hannu su zo su ɗauki mijinta. Samari ne a gaba, waɗanda aka ƙone musu bukkoki da safe, aka kashe musu mutane. Suka ga tsagar Hausawa a kumatunta. Ya yi ihu daga gindin aduwa cewa matarsa ce. Ba sai ya faɗa ba, sun san ta. Wanda ya yi saran, ita ta karɓi haihuwarsa. Da manya suka iso suka ce za su ɗora Baffa a kan jaki su tafi da shi. Ya ce su wuce.

Babu ruwan wanka. Baffa ya yi mata taimama da hannunsa. Na haƙa da sanda da ɓarin ƙwarya, Allah ya sa rairayi ne. Mu biyu muka yi mata salla, ni a tsaye, shi a zaune. Na saro ƙayar aduwa na rufe wurin saboda kuraye. Muna gamawa rana ta faɗi.

Ranar Juma'a muka shiga Maigatari. Goggo ta rungume ɗan'uwanta ta shigar da shi ɗaki. Ni ta shimfiɗa mini tabarma a waje. Baffa ya yi damina biyu a wurinta, ƙafar ba ta miƙe ba, ya rasu. Ni na koma dako a kasuwa. Ban sake kiwo ba.

An ce 'yan doka sun zo daga Gumel a rana ta uku, an tambayi kowane ɓangare mutanensa. Gari suka ce ɗaya, Audu. Ruga suka ce uku, wani dattijo da ɗansa da wata mata da hayaƙi ya shaƙe. Mutanen gari ba su ambaci Inna ba, don a wurinsu ta bar su tun ranar aurenta. Mutanen ruga ma ba su ambace ta ba. Har yau tsofaffin wajen in sun tuna ranar, mutum huɗu suke cewa. Biyar ne.